Ƙaya Huɗu a Gindin Randa

Akwai wani ɗan zamani da Gwaggo ta daina buɗe baki in dai ni ce riƙe da cokalin, alhali duk gidan babu wanda ya iya ba ta abinci ta haɗiye lafiya sai ni. Abin da ya jawo haka kuwa wasu ƙwallayen yumɓu ne da na mulmula da hannuna don in koya wa 'yan mata darasi.

Gwaggo ƙanwar babana ce. Ita ta ɗauko ni daga Kankia ina rarrafe, bayan rasuwar mahaifiyata, ta kawo ni Kusada ta haɗa ni da 'ya'yanta ta goya. Da na gama kwalejin horon malamai, ɗanta na biyu ya ce yana so, ni ma na ce ina so, sai kawai na tashi daga ɗakin Gwaggo na koma wanda ke kallonsa. Mutane na ce mata surukata, ni ban taɓa iya kallonta haka ba. Ba ta yi boko ba ko na yini ɗaya, amma ita ta tsaya a kaina na yi. In na dawo daga aiki da alli har gira sai ta ce, "Malama an dawo? Yau kuma ɗiyan wa aka zaga?" Ta san halina, ba ni da haƙuri, bakina kuma ba shi da linzami.

Kemistiri nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata. Muna da ɗakin gwaji, amma abin da ke cikinsa bai wuce busassun kwalabe da yanar gizo-gizo ba, saboda haka komai da alli da baki ake yinsa. A zangon nan mun zo kan metan, iskar da ke tashi daga ruɓaɓɓen kashin shanu da ramin shadda, wadda ke kamawa in ta ga wuta. Ƙwayarta ɗaya ta ƙunshi kabon guda a tsakiya da haidurojin huɗu kewaye da shi.

Yadda suke riƙe juna bai ba ni wahala ba, don 'ya'yan manoma nake koya wa. Na ce su ɗauki maƙwabta biyu, kowa da sa guda, ga damina ta faɗi. Sa ɗaya ba ya jan garma. Wannan ba zai rabu da nasa ba, wancan ma haka, sai su haɗa su a karkiya ɗaya, kowa ya yi huɗa da shanu biyu. To haka kabon yake da ilekturon huɗu a zagayensa na waje yana neman takwas, kowane haidurojin kuma yana da guda yana neman biyu. Kowa ya kawo ɗaya, a yi tarayya a biyun, kowa ya ɗauke su a nasa. Riƙo huɗu ke nan, shi littafi ke kira ɗaurin kobalent. Wannan kam suka gane, har wata ta ce haka babanta ke yi da ƙanensa.

Siffar ce ta gagara. A allo ba yadda za ka zana ta sai a shimfiɗe, harafi a tsakiya, ɗaya sama, ɗaya ƙasa, ɗaya dama, ɗaya hagu, yara kuwa abin da ido ya gani shi ke zama. Na yi ta faɗa cewa riƙon nan huɗu ture juna suke yi, kowanne na neman nisa da ɗan'uwansa, don haka ba za su kwanta a fili ɗaya ba tunda akwai sarari gaba da baya. Uku za su buɗe su zama ƙafafu, na huɗun ya miƙe sama, tsakanin kowane biyu digiri ɗari da tara da rabi. Su amsa baki ɗaya, "Mun gane, Malama." In ba su gwaji, su rubuto mini digiri casa'in. Ranar da na duba takardun na yi faɗa har muryata ta dishe. A hanyar gida na huce, na ce gani ya kori ji, bari in yi musu abin su riƙe a hannu.

Na ɗebo yumɓu a kududdufin bayan gari, na mulmula manyan ƙwallaye kamar ƙwan zabo, da ƙanana kamar magarya. Na ciro ƙayar aduwa dogaye masu ƙwari. Kowace babba na dasa mata ƙaya huɗu, na kafa ƙarama a tsinin kowace. Don tazarar ta zo daidai na zagaya zare daga ƙarama zuwa ƙarama, zaren da na samu a gwangwanin ɗinkina kuwa ja ne. Manyan na shafe su da tawadar allo, saboda a littafi baƙi ake yi wa kabon, ƙananan na shafa musu farar ƙasa, sannan na ɗauki allura na zana wa kowace harafinta. Wallahi daɗi nake ji a ranar. Ina ta juya su a tafin hannu, duk yadda na ajiye ɗaya sai ta zauna a kan uku, ta huɗun na kallon sama.

Yumɓu in ka shanya shi a rana tsagewa yake, wannan tun muna ginin tukwanen wasa muka sani. Wuri mafi sanyi a gidanmu shi ne gindin randar Gwaggo, inda aka tara yashi ana yayyafa masa ruwa, dab da ƙofar ɗakinta. Na tona gefen da ruwa bai cika kaiwa ba, na jera su, na rufe da yashi don su bushe a hankali, kada kuma kaji su ɓarar da su. Gwaggo ta tafi barka a unguwa, ba wanda ya gan ni, ni ma ban ga abin faɗa ba. Niyyata in kwashe su ranar Litinin.

Washegari da hantsi Gwaggo na tankaɗe a tsakar gida ta yanke jiki ta faɗi.

Muka kwashe ta zuwa asibiti a Kankia. Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ɓarin hagu ya shanye gaba ɗaya, hannu da ƙafa, baki ya karkace. Magana tana fita a murɗe, amma ana ganewa. Wani abin da ya ba mu mamaki shi ne duk abin da ke hagunta kamar babu shi a duniya, ka tsaya ta nan ka yi ta ɗaga hannu ba za ta waiga ba. Likita ya ce ciwon ne haka. Shi abin da ya fi tsoro haɗiya ce. Ya ce in abinci ya bi ta hanyar numfashi huhu zai kamu, kuma ta nan masu irin ciwon suka fi tafiya.

Wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni ta nuna mini yadda ake yi. A tayar da ita zaune sosai. Kunu ya yi kauri, kada ya yi ruwa. Rabin cokali, a sa ta ɓangaren da ke da rai, a sunkuyar da haɓa, a jira a ga maƙogwaro ya motsa, a ƙara jira. Ni da ba ni da haƙurin jiran ruwa ya tafasa, sai ga ni ina shafe hantsi guda a kan kofi ɗaya. Na iya, na kuma ji daɗin na iya. Muka dawo gida, na ɗauki hutu a makaranta, metan da yumɓunsa suka fice mini daga kai sam.

Babbar 'yar Gwaggo, wadda muke kira Yaya, tana aure a Rimaye, ta zo jinya ta tare da mu. Mace ce mai zafin nama, mai son uwarta kamar me, komai nata da sauri. In ta ɗauki cokali sai ka ce ɗura take wa jariri. Da ta gwada Gwaggo ta ƙware har idanunta suka firfito, sai ta bar mini, ta kama wanki da shara. Masu dubiya kuwa kowa da nasa. Wannan ta ce iska ce, waccan ta ce lafiyayyar mace ba ta faɗuwa haka kawai, ruwa ba ya tsami banza, a dai duba gida. Ina jin su ina taɓe baki. Wata tsohuwa ta dame ni, na ce mata in ta gama duba gidan ta zo in auna mata jini ita ma.

Wata rana Yaya ta ce yashin gindin randa ya yi gansakuka, za ta canza shi. Ina ɗakin Gwaggo da kofi a hannu na ji salati, irin wanda ake yi in an ga maciji. Kafin in fito mata sun cika tsakar gida, har da masu leƙe ta katanga.

Ga su nan a ƙasa inda ta watsar. Laima ta ɓata su. Wasu ƙananan sun zube, tsinin ƙaya ya fito fili, tawadar ta yi jirwaye, jan zaren ya nannaɗe da yashi. Baƙin abu, an soke shi da ƙaya, an ɗaure da jan zare, da rubutu a jiki, a binne a ƙofar ɗakin matar da ta faɗi. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san sunan wannan abu, sammu ne. Ni kaɗai ce a tsakar gidan na kalle su na ga metan, har dariya ta kuɓuce mini.

"Yaya, nawa ne," na ce. "Kayan makaranta ne, ni na sa su."



"Ke kika sa su," in ji Yaya. "Da bakinki kike hwaɗi."

"Ni na sa su, su bushe. Darasin yara ne."

"Yaushe kika sa su?"

Na faɗa mata gaskiya. Tsohuwar nan da na ce zan auna wa jini tana wurin, ita ce ta ce, "Washegari ke nan ta hwaɗi." Yaya ta sa muciya ta ture ɗaya. Ya gangara ya tsaya, ƙaya ɗaya na kallon sama. Ta sake turewa, ya juya, wata ƙayar ta miƙe.

"Kun gani ko? Ba shi kwanciya. Duk yadda aka yi da shi sai ya tada kai."

"To ai siffar ke nan!" na ce da ƙarfi. "Abin da nake son yara su gani ke nan!"

Ba wanda ya saurare ni, kowa na ta salati da a'uziyya. Na juya in koma ɗaki sai na ga labulen a ɗage. Gwaggo na jingine inda na bar ta, ƙofar kuwa ta damanta take, ɓangaren da take gani. Ta ga komai, ta ji komai.

Na ɗauki kofin, na ɗebo rabin cokali na kai bakinta. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta datse leɓe.

"Gwaggo, ki sha. Ya huce."

Hawaye ya gangaro mata ta gefe ɗaya. Da ta buɗe baki sai ta kira Yaya. Ta ce, "Hitar da ita."

Maigidana ya dawo daga kasuwa ya tarar da gida a yamutse. Ya ce ya san ban yi ba, amma me ya kai ni, duk faɗin gidan nan sai ƙofar ɗakin Inna? Na ce inuwa ce ta kai ni. Ya tafi ya kira Baffa, ƙanen marigayi mahaifinsu, wanda ke koyarwa a Islamiyya kuma shi ne babba a gidan.

Baffa ya zaunar da mu a zaure bayan la'asar, mata na bayan ƙofa suna saurare. Na kawo littafin da hoton ke ciki. Na kawo ɗanyen yumɓu da ƙaya na sake gina ɗaya a gabansa. Na yi masa bayanin shanun huɗa, na yi masa bayanin ture juna. Ban taɓa koyar da darasi ina roƙon Allah a gane ba kamar ranar. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Shi wanga abu, kin taɓa ganin shi da idonki?"

"A'a, Baffa. Ya yi ƙanƙanta, ba a ganin shi."

Na ji guna-guni daga bayan ƙofa, wata na cewa, "Kun ji, ba a ganin shi."

"To ƙaƙa aka san haka shike?" in ji Baffa.

Na ce masa da a shimfiɗe yake kamar zanen allo, in aka cire biyu daga cikin huɗun aka maye su da wani sinadari, da an samu abu iri biyu, wanda sababbin ke kusa da juna da wanda suke fuskantar juna ta ƙetare. Amma duk wanda ya gwada iri ɗaya yake samu, domin a wannan siffar babu ƙetare, kowane biyu maƙwabta ne. Na ɗiga wa biyu tawada na miƙa masa. Ya yi ta juya abin a hannu yana neman biyun da ke fuskantar juna, bai samu ba. Ya ce, "Ikon Allah." Sannan ya ɗaga murya don na bayan ƙofa su ji, ya ce zato zunubi ne, yarinyar nan a gabansa ta tashi, kada ya sake jin maganar a bakin kowa.

Ya shiga da kansa ya yi wa Gwaggo bayani. Ta ce, "To." Da na shigo da kofi ta datse baki. Baffa ya biyo ni waje ya ce, "Ni na gamsu, ɗiyata. Amma abin da ya shiga zuciyar maras lahiya ba a hidda shi a zaure. Ki yi haƙuri."

Haƙurin ba shi ne matsalar ba, ciki ne. Yaya ta karɓi cokali, ta yi iya ƙoƙarinta, amma hannunta ba ya jira. Gwaggo ta ƙware, ta yi tari har ta yi shuɗi. Maigidana ya gwada, shi ya fi ta ma. Sai ya zama tana tsoron cokalinsu saboda ƙwarewa, tana tsoron nawa saboda abin da take zato, ta koma in ta sha cokali biyu ta kau da kai. Maganin hawan jinin ma da ake niƙa mata a kunu ya daina shiga. Ina kallo fatar hannunta ta saki, leɓenta ya bushe ya tsage, idanu suka faɗa.

Ba abin da ban yi ba. Na sha kunun a gabanta har rabi, na miƙa mata sauran a kofi ɗaya. Na yi alwala na ɗauko Alƙur'ani na rantse a gabanta, ni da nake ce wa ɗalibai mai gaskiya ba ya yawan rantsuwa. Na durƙusa na riƙe ƙafarta mai rai na ce, "Gwaggo, ni ce fa. Mi zan samu in kin mutu? Wa gare ni in ba ke ba?" Ta rufe ido. Na koma bayan labule ina gaya wa Yaya a hankali, jira, kada ki ƙara, dubi wuyanta. Da Gwaggo ta tsinci muryata sai ta furzar da wanda ke bakinta. Ban san mutum na iya jin tsoro da fushi da tausayi lokaci ɗaya har ya rasa wanda zai bi ba sai a kwanakin nan. Matar da ta tauna abinci ta sa mini a baki ce yunwa ke ci a gabana, ga hannuna lafiya lau.

Zazzaɓi ya zo, muka koma Kankia. Likita ya saurari ƙirjinta ya ce abin da yake gudu ya soma. Ya ba da magani, ya ce in ba ta koma cin abinci ba sai dai a zura mata roba ta hanci. Gwaggo ta ji, ta fashe da kuka, ta ce a mayar da ita ɗakinta ta mutu can, kada a wulaƙanta ta. Muka dawo da ita a bayan mota, tana jingine da Yaya, ni ina gaba kusa da direba don kada ta gan ni.

Da muka sauka na tarar da Yaya a madafa na sauke mata kwandon masifar da ke kaina. Na ce in Gwaggo ta mutu ba ƙaya ce ta kashe ta ba, yunwa ce, kuma ita ta tono yunwar da hannunta. Na faɗi wasu maganganun da suka fi wannan. Na zaci za ta rama, don ba ta barin ta kwana. Sai ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da zani.

"Kin ɗauka ina so?" ta ce. "Uwata ce. Ni yanzu ban ma san abin da na yarda da shi ba. Baffa ya ce ba ki yi ba, idona ya ga abin da ya gani." Ta share fuska. "Amma ko kin yi ko ba ki yi ba, ke ɗai kika iya."

Can ta ce, "Jiya kyanwa ta hau gadon ta kwanta a hagun Inna, har ta tashi Inna ba ta sani ba."

Ban gane ba da farko. Da na gane sai na zauna a ƙasa kusa da ita.

Washegari na dama kunun da kaina, mai kauri yadda ya kamata. Na cire awarwaro don kada su yi ƙara, na yi wanka da sabulun Yaya, ban shafa komai nawa ba. Yaya ta shiga ta tayar da ita zaune, ta tsaya ta tare ƙofa da jikinta tana gyara mata ɗankwali. Ni kuma na rarrafa ta bayanta, na bi jikin bango, na zagaya na zauna a hagun Gwaggo, ɗan baya da kafaɗarta da ta mutu. A ɗakin da na girma nake rarrafe kamar ɓarauniya. Yaya ta zauna a gabanta cikin babban hijabi, kofi a cinya, hannayenta a ciki tana motsa su, tana ba ta labarin mutanen Rimaye.

Na ɗebo rabin cokali, na ɗago shi ta ƙasa, ta gefen da ba ta gani, har ya taɓa leɓenta. Ta yi jim. Yaya ta ce, "Bismillah, Inna." Ta buɗe. Na juya cokalin zuwa kuncin dama, Yaya ta sa yatsa ta sunkuyar mata da haɓa. Muka jira. Maƙogwaro ya motsa, ba tari. Na ƙara jira, na sake ɗebowa. Ranar ta sha kusan rabin kofi, ni kuwa da na rarrafo waje sai da na shiga bayan ɗaki na toshe baki na yi kuka.

Haka muka ci gaba, safe da rana da yamma. Zazzaɓin ya sauka. Leɓenta ya warke, har ta fara yi wa Yaya faɗa a kan gishiri. Duk gidan sun sani, ba wanda ya tanka. Yaya ta aika wa mijinta cewa ba yanzu za ta dawo ba. Ni kuma a idon Gwaggo ina can ɗakina, an hana ni shigowa, kuma ba ta ambata ni ba ko sau ɗaya.

Wata safiya muna tsakiyar kofi ta haɗiye, ta huta, ta dubi Yaya ta ce, "Hannunki ya yi sanyi kwanan nan."

"Na koya, Inna."

"Allah shi yi maki albarka."

"Amin, Inna."

Na ɗebo wani, amma ba ta buɗe ba. Tana kallon ƙofa.

"Waccan tana nan?"

Yaya ta saci kallona. "Tana nan. Tana ɗakinta."

"Tana cin abinci?"

"Tana ci, Inna."

Ta shiga tattara kalmomin ɗaya bayan ɗaya yadda ciwon ya bar mata. "Ki ce mata ni na goya ta. Abin da ta yi mani, na yahe. Duniya da lahira. Kar Allah shi kama ta sabili da ni."

Idon Yaya ya cika, ta kafe ni da shi. Bakina ya buɗe da kansa. Kalma uku ce kawai, ban yi ba, ga kunnenta nan kusa da bakina, ko raɗa na yi za ta ji. Na dubi kofin da ke cinyar Yaya, Gwaggo ba ta ko sha rabin kunun ba, maganin safe kuma yana can ƙasa bai shiga ba.

Na cije gefen ɗankwalina, na ɗago cokalin ta ƙasa. Yaya ta ce, "Zan hwaɗa mata, Inna. Bismillah." Gwaggo ta buɗe baki.